18,446,744,073,709,551,615: tambayoyi da amsoshi kan lambar allon shaɗaranji

Ɗalibai, malaman lissafi da masu rubuta manhajar kwamfuta sukan ci karo da wannan lambar ta ƙofofi daban-daban. Wani a labarin sarki da ƙwayar alkama ya fara jin ta, wani kuwa na'ura ce ta fito masa da ita a inda yake jiran ganin sifili. Duk inda aka rubuta 2^64 a ƙasa, ana nufin a jera biyu guda 64 a ninka su da juna, kamar yadda 2^3 yake nufin 2 × 2 × 2, wato 8. Lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7 da 11, a aji ana ce mata firam. A nan gagara-rabo za mu riƙa ce mata. Yawancin abin da ke ƙasa ana iya gwada shi da biro da takarda, kuma gwadawar ta fi karɓa da ka.

1. Wace lamba ce wannan, kuma yaya ake karanta ta?

Ita ce 2^64 − 1. Alƙalumanta ashirin ne. Hanyar karanta ta mafi sauƙi ga mai jin Hausa ita ce a tsaya a tiriliyan, tunda daga nan sama sunayen ba su shiga bakin mutane ba: tiriliyan 18,446,744, da biliyan 73, da miliyan 709, da dubu 551, da 615. A taƙaice, ta ɗan haura tiriliyan miliyan goma sha takwas. Kada a ruɗa ta da 2^64 kanta, wadda ke ƙarewa da 616. Ɗaya ne tak tsakaninsu, amma halinsu ya sha bamban: 2^64 babu gagara-rabon da ke raba ta sai 2, ita kuwa wannan 2 ba ta raba ta ko kaɗan.

2. Daga ina ta samo asali?

Daga allon shaɗaranji, darar nan mai gida 64 da Turawa ke kira ces. Hikayar ta ce wani mai hikima a Indiya, Sissa, shi ya ƙirƙiro wasan, sarki ya ce ya faɗi tukwicin da yake so. Sai ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina buƙatar, masu lissafin fada suka dawo suka ce duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. Ibn Khallikan, alƙali kuma marubucin tarihi na ƙarni na 13, ya kawo labarin, kuma tun kafinsa Al-Biruni ya yi lissafin, ya nuna jimillar ita ce 16^16 a cire ɗaya. Lamba ɗaya ce, domin 16 ita ce 2^4, kuma 4 × 16 = 64.

Ta sake ɓullowa a 1883, lokacin da masanin lissafi Bafaranshe Édouard Lucas ya fito da wasan hasumiyar Hanoi: turaku uku, fayafayai masu bambancin girma, ana ɗaga ɗaya-ɗaya, ba a ɗora babba a kan ƙarami. Kwashe fayafayai n daga turke zuwa turke yana cin ɗagawa 2^n − 1 idan ba a yi kuskure ko ɗaya ba. Da faifai uku, ɗagawa bakwai. Da 64, wannan lambar.

3. Me ya sa ake cire ɗaya? Ba gida 64 ba ne?

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Gidan farko ƙwaya 1 ke cikinsa, ba 2 ba, saboda haka ninkawa 63 aka yi kafin a kai gida na ƙarshe. Gida na 64 yana ɗauke da 2^63, wato 9,223,372,036,854,775,808. Abin da ake nema kuwa jimillar duka gidajen ce.

Duba ƙananan: 1 + 2 = 3, saura ɗaya ta kai 4. 1 + 2 + 4 = 7, saura ɗaya ta kai 8. 1 + 2 + 4 + 8 = 15. Dalilin da ya sa hakan ba ya saɓawa: kira jimillar J. Idan ka ninka J sau biyu, kowane gida ya koma adadin na gabansa, sai ka sami 2 + 4 + … + 2^64. Ɗebe J daga ciki, duk na tsakiya su kashe juna, a bar 2^64 da −1. To 2J − J ai J ce. Wani abin lura da ke fitowa daga nan: kowane gida shi kaɗai ya fi duk waɗanda suka gabace shi a haɗe, da ƙwaya ɗaya.

4. A zahiri, alkama nawa ke nan?

Ya danganta da nauyin ƙwaya. Mu ɗauka ƙwaya dubu na alkama giram 40 ne, wanda yake daidai da alkama matsakaiciya. Jimillar za ta kai tan biliyan 738, wato buhu mai kilo 100 sama da tiriliyan bakwai. Alkamar da duniya duka ke nomawa a shekara tana kusa da tan miliyan 800, ke nan sai an tara girbin fiye da shekara 900 ba a ci ko tsaba ba.

Abin da ya fi koyar da ɗalibi shi ne rabin allon. Gidaje 32 na farko jimillarsu ƙwaya 4,294,967,295 ce, kimanin tan 172, abin da tirela shida masu ɗaukar tan 30 za su kwashe. Babban ɗan kasuwar hatsi zai iya biyan wannan. Duk ta'asar tana rabi na biyu. Ta fuskar lokaci kuma, mai ƙirga lamba ɗaya a kowace daƙiƙa ba dare ba rana zai buƙaci kimanin shekara biliyan 584 da rabi, alhali masana sararin samaniya suna ƙiyasta shekarun duniyar taurari a biliyan 13.8. Na'urar da ke ƙirga biliyan ɗaya a daƙiƙa ma sai ta yi shekara 584.

5. Yaya za a san alƙaluma ashirin ne ba tare da an ninka ba?

2^10 ita ce 1,024, ta ɗan ɗara dubu. 2^64 kuwa 2^4 ce a ninka da 2^10 guda shida, wato kusan 16 mai sifili 18 a bayanta. Alƙaluma biyu da sha takwas, ashirin. Ainihin lambar ta fi ƙiyasin da kusan kashi 15 cikin ɗari, saboda rarar 24 ɗin nan tana taruwa: 1.024 a ninka da kanta sau shida tana ba da 1.1529, kuma 16 × 1.1529 ta kai 18.446, farkon lambarmu ke nan. Wanda ya yi logaridim zai ninka 64 da 0.30103 ya sami 19.27, ya jefar da gutsuren, ya ƙara ɗaya.

6. Za a iya lissafa ta da hannu?

Sosai, kuma ba sai an ninka biyu sau 63 ba. A riƙa ninka kowace amsa da kanta: 2, 4, 16, 256, 65,536, 4,294,967,296. Wannan ta ƙarshe ita ce 2^32. Saura mataki guda, a ninka ta da kanta, kuma shi ne mai nauyi. A raba ta gida biyu, alƙaluma biyar-biyar: A = 42,949 da B = 67,296, ta yadda lambar ta zama A × 100,000 + B.

A × A = 1,844,616,601, a ƙara mata sifili goma. 2 × A × B = 5,780,591,808, a ƙara mata sifili biyar. B × B = 4,528,751,616, a bar ta yadda take. A jera su a tara: 18,446,166,010,000,000,000 da 578,059,180,800,000 sun ba da 18,446,744,069,180,800,000, a ƙara ta ukun a sami 18,446,744,073,709,551,616. A cire ɗaya. Kurakurai biyu aka fi yi: mantawa da ninka A × B sau biyu, da zamewar gurbi wajen jera sifilai. Takarda mai layin murabba'i, alƙalami ɗaya a kowane gida, tana maganin na biyun. Amfanin raba ta haka shi ne kowane ninki a cikin ukun alƙaluma goma ne, kalkuletar shago ma za ta ɗauka.

7. Yaya zan tabbatar ban yi kuskure ba wajen lissafi ko kwafewa?

Gwaji uku, kowanne bai kai minti ɗaya ba. Na farko, alƙalamin ƙarshe. Ninkin biyu yana ƙarewa da 2, 4, 8, 6, ya sake zagayowa. 4 tana raba 64 ba saura, saboda haka 2^64 da 6 take ƙarewa, lambarmu da 5.

Na biyu, gwajin tara. Tara alƙaluma ashirin ɗin, za ka sami 87; 8 + 7 = 15; 1 + 5 = 6. Ta ɗaya ɓangaren, 2^6 = 64 tana barin saura 1 idan an raba da 9, ke nan 2^60 ma saura 1, sai 2^4 = 16 mai saura 7; a cire ɗaya, 6. Sun dace. Raunin wannan gwajin shi ne ba ya kama wanda ya musanya alƙaluma biyu, ya rubuta 47 a gurbin 74, tunda jimilla ba ta canzawa. Shi ya sa ake bin sa da na uku, gwajin sha ɗaya: fara daga dama, ƙara alƙalami na farko, ɗebe na biyu, ƙara na uku, har ƙarshe. Amsar 37 ce, mai saura 4 idan an raba da 11. Ta hanyar ninki kuma, 2^10 tana barin saura 1, 16 tana barin 5, a cire ɗaya, 4. Idan ukun suka dace, da wuya a ce akwai kuskure, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba.

8. Gagara-rabo ce?

A'a. Tana ƙarewa da 5, ke nan 5 na raba ta. Jimillar alƙalumanta 87, ke nan 3 ma na raba ta. Tambayar tana yawan zuwa ne saboda lambobi masu siffar 2^n − 1, waɗanda ake jingina wa Marin Mersenne, malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17, a cikinsu ake samun manyan gagara-rabo. Wadda aka gano a watan Oktoba na 2024, 2^136,279,841 − 1, alƙalumanta 41,024,320.

Ƙa'idar ita ce: idan a tana raba b, to 2^a − 1 tana raba 2^b − 1. Saboda haka 2^n − 1 ba ta zama gagara-rabo sai n ita ma gagara-rabo ce, 64 kuwa 2, 4, 8, 16 da 32 duk suna raba ta. Sharaɗin wajibi ne amma bai wadatar ba. 2^61 − 1 gagara-rabo ce, Ivan Pervushin ya nuna haka a 1883. 2^67 − 1 kuwa ba ita ba ce, duk da 67 gagara-rabo ce: a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna cewa 193,707,721 × 761,838,257,287 ce.

9. Waɗanne gagara-rabo ne tubalanta?

Bakwai ne, kowanne sau ɗaya: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417.

Ba a samo su da gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya ba. Dabarar ita ce wadda ake koyarwa a ƙaramar sakandare: x × x − 1 daidai take da (x − 1)(x + 1). Tunda 2^64 ita ce 2^32 a ninka da kanta, lambarmu ta tsage biyu: 4,294,967,295 × 4,294,967,297. Ta farkon ita ma 2^32 − 1 ce, sai ta sake tsagewa: 65,535 × 65,537. Haka 65,535 = 255 × 257, 255 = 15 × 17, 15 = 3 × 5. Kamar ɓare albasa, kowane ɓawo yana fitar da lamba mai siffar "ninkin biyu a ƙara ɗaya": 3, 5, 17, 257, 65,537, 4,294,967,297. Biyar na farko gagara-rabo ne. Ta shida ce ta ɓoye tubala biyu a cikinta, 641 da 6,700,417, kuma ita ce ke da tarihi (tambaya ta 10).

10. Ta yaya aka gano 641?

Waɗannan lambobi shida su ne farkon jerin da ake kira lambobin Fermat. Pierre de Fermat, wajen 1640, ya ga biyar na farko duk gagara-rabo ne, sai ya yi zaton haka jerin zai ci gaba. Kusan shekara casa'in zaton yana tsaye, har Leonhard Euler ya rushe shi a 1732 da 641. Euler ya tabbatar da cewa duk gagara-rabon da zai raba 2^32 + 1 dole ya kasance ninkin 64 a ƙara ɗaya. Wannan ya rage masu neman gurbin matuƙa: 193, 257, 449, 577, 641. A gwaji na biyar aka dace.

Akwai hujja gajera da ba ta buƙatar doguwar rabawa, kuma duk malamin da ke koyar da saura ya kamata ya san ta. 641 tana da fuska biyu. Ita ce 5 × 128 + 1, kuma ita ce 625 + 16, wato 5^4 + 2^4. Daga fuskar farko, idan ana lissafi da saura a kan 641, 5 × 2^7 daidai take da −1. A ninka wannan da kansa sau huɗu: 5^4 × 2^28 daidai take da +1. Daga fuska ta biyu, 5^4 daidai take da −2^4. A sa wannan a gurbin waccan: −2^4 × 2^28, wato −2^32, daidai take da 1. Ma'ana 2^32 + 1 ba ta barin saura. Wanda yake son ganin ido ya ninka: 6,700,417 × 600 = 4,020,250,200; × 40 = 268,016,680; × 1 = 6,700,417; jimilla 4,294,967,297.

Darasin da masu lissafi suka ɗauka daga nan mai tsada ne: misali biyar a jere ba hujja ba ne. Har yau ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a jerin Fermat bayan 65,537 ba.

11. Wa ya tabbatar 6,700,417 ba ta ƙara rabuwa?

Kai ma za ka iya, da rabawa biyar. Idan lamba tana rabuwa, ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce tushen murabba'inta ba, wato lambar da in an ninka ta da kanta za a same ta. 2,588 × 2,588 = 6,697,744, 2,589 × 2,589 kuwa ta zarce, ke nan iyakar bincike 2,588. Lucas ya ƙara tsuke ƙa'idar Euler ta tambaya ta 10: mai raba 2^32 + 1 dole ya zama ninkin 128 a ƙara ɗaya. Irin waɗannan guda ashirin ne ƙasa da iyakar, daga 129 zuwa 2,561, kuma biyar ne kawai gagara-rabo a cikinsu: 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. A raba 6,700,417 da kowanne, saura zai fito 170, 44, 120, 334 da 622 bi da bi. Babu sifili a ciki, magana ta ƙare.

12. Me ya sa 7, 9, 11 da 13 ba sa raba ta?

Ɗauki 7. Fara da 1, riƙa ninkawa biyu kana ajiye saura kawai: 2, 4, 1, 2, 4, 1. Bayan taku uku ake dawowa 1. Lamba tana raba 2^64 − 1 ne kawai idan taku na 64 ya faɗo daidai kan 1, wato idan tsawon zagayenta yana raba 64. Zagayen 7 uku ne, 64 kuwa 63 ce da ɗaya, sai taku na 64 ya faɗa kan 2. A cire ɗaya, saura 1. Zagayen 9 shida ne, na 11 goma, na 13 sha biyu, na 25 ashirin, na 31 biyar. Babu mai raba 64 a cikinsu. Saura a kan 13 biyu ne. Na 9 da 11 suna tambaya ta 7.

Yanzu dubi tubala bakwai ɗin ta wannan fuskar. Zagayen 3 biyu ne, na 5 huɗu, na 17 takwas, na 257 sha shida, na 65,537 talatin da biyu, na 641 da na 6,700,417 sittin da huɗu-huɗu. Kowane mai raba 64, in ban da 1, ya kawo nasa. Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa a amsa duk tambayar "shin kaza na raba ta", ba doguwar rabawa da alƙaluma ashirin ba.

13. Lambobi nawa ne ke raba ta ba saura?

128, har da 1 da ita kanta. Kowane mai raba ta ana gina shi ne da zaɓen wasu daga cikin tubala bakwai, kowane tubali ko a ɗauka ko a bari: 2^7. Jimillarsu ana samun ta da ƙara ɗaya a kan kowane tubali a ninka: 4 × 6 × 18 × 258 × 642 × 65,538 × 6,700,418 = 31,421,980,989,189,888,768. Idan aka cire lambar kanta, saura 12,975,236,915,480,337,153, wanda bai kai ta ba. Ke nan ba ta cikin kammalallun lambobi irin 6 da 28, waɗanda masu raba su ke taruwa su ba da su daidai. Tana cikin masu gaira.

Idan kuma aka rage ɗaya daga kowane tubali aka ninka, 2 × 4 × 16 × 256 × 640 × 65,536 × 6,700,416, ana samun 9,208,981,628,670,443,520. Wannan shi ne yawan lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa tubali ko ɗaya da ita ba, kaɗan ya rage su kai rabi.

14. Murabba'i ce? Idan ba ita ba ce, murabba'ai nawa za a tara a same ta?

Ba murabba'i ba ce, ɗaya ya rage ta kai. Tushenta yana tsakanin 4,294,967,295 da 4,294,967,296, ya manne wa na biyun har kalkuleta takan nuna shi kai tsaye, wanda kuskure ne (tambaya ta 16).

Murabba'i biyu ba za su ba da ita ba. Duk murabba'i idan aka raba shi da 4 saura 0 ne ko 1, biyu a haɗe ba sa wuce 2, ita kuwa saura 3 take bari. Uku ma ba za su yi ba: a kan 8 murabba'i yana barin 0, 1 ko 4, kuma duk yadda aka haɗa uku daga cikinsu ba a samun 7, wanda shi ne nata. Huɗu dole su yi, domin masanin lissafi Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace cikakkiyar lamba jimillar murabba'i huɗu ce ko ƙasa da haka. Ga guda: murabba'an 4,294,967,295 da 92,681 da 302 da 275. Gwadawa ba wuya. Bayan an ɗebe na farko saura 8,589,934,590. A ɗebe 8,589,767,761 saura 166,829. Shi kuwa 91,204 ne da 75,625.

15. Me ya haɗa ta da kwamfuta?

Kwamfuta da ƙidayar tushe biyu take aiki, 0 da 1. A wannan ƙidayar lambarmu 1 ce guda 64 a jere, kamar yadda 9,999 take cika gurbi huɗu a ƙidayarmu ta goma. Ita ce mafi girman lambar da ma'aji mai bit 64 (bit shi ne gurbi ɗaya na 0 ko 1) zai riƙe idan ba a ware gurbin alamar ɗebewa ba. A tushe sha shida, F ce guda 16. Idan an ware gurbin alama, iyakar ta koma 2^63 − 1, wato 9,223,372,036,854,775,807. Shi ya sa za ka gan ta a matsayin iyakar BIGINT UNSIGNED a manhajar adana bayanai ta MySQL da UINT64_MAX a harshen rubuta manhaja na C.

Abin da ke ɓaci shi ne zagayowa. A ƙara 1 a kanta, ma'ajin ya koma 0, kamar mitar mota da ta cika. A ɗebe 1 daga 0, ita za ta fito. Misali, manhajar sito ta rubuta katan 3, aka fitar da 5 ba tare da an duba ba: maimakon −2, allo zai nuna 18,446,744,073,709,551,614. Duk wanda ya ga lamba mai farawa da 18,446,744 a rahoton na'ura, ya fara zargin an ɗebe babba daga ƙarami, ko an zuba −1 a ma'ajin da ba ya karɓar alama. Magani shi ne a kwatanta lambobin biyu kafin ɗebewa, ba bayanta ba.

Tubalan ma suna da aiki a nan. A raba ta da 3 a sami 6,148,914,691,236,517,205, wadda a tushe biyu 01 ce ana maimaitawa. A raba da 5 a sami 0011 ana maimaitawa, da 17 kuma 00001111. Masu rubuta manhaja suna amfani da waɗannan zane-zanen wajen ƙirga yawan 1 da ke cikin ma'aji da sauri.

16. Me ya sa kalkuleta da Excel suke ba ni wata amsa daban?

Domin ba sa riƙe alƙaluma ashirin. Kalkuletar makaranta takan nuna 1.844674407 × 10^19, sauran ta yar. Excel alƙaluma 15 yake kiyayewa: idan ka buga lambar da hannu zai mayar da biyar na ƙarshe sifili, ka ga 18,446,744,073,709,500,000. Idan rubutawa kawai kake so ba lissafi ba, mayar da gidan na rubutu kafin ka buga.

A harshen rubuta manhaja na JavaScript, 2 ** 64 − 1 tana fitowa 18446744073709552000. Dalili: lambobinsa na yau da kullum bit 53 ne ke riƙe ainihin alƙaluma, saboda haka daga 9,007,199,254,740,992 zuwa sama ba kowace cikakkiyar lamba ce ke da gurbi ba. A kusa da 2^64 tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata 2,048 ce, cire ɗaya ba ya motsa komai. Haɗarin shi ne na'urar ba ta gargaɗi. Sai ta ce maka 2 na raba lambar, alhali ba ta raba ta. A JavaScript a yi amfani da BigInt, a rubuta 2n ** 64n − 1n. Harshen Python yana ba da amsa daidai da 2 ** 64 − 1, muddin ba a bi da ita ta rabawa mai gutsure ko tushen murabba'i na gama-gari ba; don rabawa a sa // a maimakon /. A C kuma, tura 1 hagu da gurbi 64 ba shi da tabbataccen sakamako a ƙa'idar harshen, a ɗauki UINT64_MAX kawai. Kowace amsa na'ura ta bayar, a bi ta da gwajin tambaya ta 7.

17. Waɗanne gagara-rabo ne suka fi kusa da ita?

Ta ƙasa, 2^64 − 59, wato 18,446,744,073,709,551,557, ita ce gagara-rabo mafi girma da ke shiga ma'aji mai bit 64. Ta sama, 2^64 + 13, mai ƙarewa da 629. Maƙwabciyarta 2^64 + 1 ita ce ta bakwai a jerin Fermat, kuma ita ma ta rabu: 274,177 × 67,280,421,310,721. Fortuné Landry ya wallafa wannan a 1880.

18. An ce tana da alaƙa da zanen siffofi da rula da kamfas. Gaskiya ne?

Rabinta ne ke da alaƙar. A 1796 Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 18, ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula marar awo da kamfas kawai. Ƙa'idar da ta fito daga aikinsa, wadda Pierre Wantzel ya kammala hujjarta a 1837, ta ce siffa mai gefe n tana zanuwa ne idan n ninkin biyu zalla ce (1, 2, 4, 8, …) a ninka da gagara-rabon Fermat mabambanta, babu wanda aka maimaita. Shi ya sa mai gefe 3, 5, 15 da 17 suke zanuwa, mai 7 da mai 9 ba sa yi.

Gagara-rabon Fermat da aka sani biyar ne, ke nan siffofi masu gefen da 2 ba ta raba shi da aka san suna zanuwa 31 ne, wato 2^5 − 1. Mafi girmansu ita ce wadda ta haɗa duka biyar ɗin: 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 = 4,294,967,295, adadin ƙwayoyin da ke rabin farko na allon (tambaya ta 4). Siffa mai gefe 18,446,744,073,709,551,615 kuwa ba ta zanuwa, saboda 641 da 6,700,417 gagara-rabo ne amma ba na Fermat ba: a cire ɗaya daga 641 a sami 640, wadda 5 ke rabawa, ba ninkin biyu zalla ba.